James Stewart da Yaƙin Hitila: abin da ya tabbata da abin da ake ƙara wa gishiri

Duk watan Disamba gidajen talabijin na Amurka sukan sake haska wani tsohon fim na 1946 mai suna It's a Wonderful Life, kuma da zarar an haska shi sai maganar jaruminsa, James Stewart, ta sake tashi. Wasu su ce kukan da ya yi a fim ɗin ba na wasa ba ne, firgicin yaƙi ne ya taso masa a gaban kyamara. Wasu su ce ai janar ne sukutum, shi ya ja ragamar ruwan bama-baman da aka yi wa Jamus. Akwai kuma masu taɓe baki, su ce kaki kawai aka sa masa aka ɗauki hoto, kamar sauran taurari. Kowace magana a cikin ukun nan akwai inda ta samo tushe, amma babu wadda ta faɗa daidai.

Me ake nufi da “ya yi soja”?

Taurarin Hollywood da suka sa kaki a Yaƙin Duniya na Biyu ba aiki ɗaya suka yi ba, kuma ruɗanin daga nan ya fara.

Akwai waɗanda aka ajiye a sashen shirya finafinan soja. Ronald Reagan, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, yana cikinsu. Raunin gani ya hana a tura shi fagen daga, sai ya yi aikinsa a Culver City ta jihar Kalifoniya har ya kai muƙamin kyaftin. Akwai waɗanda suka leƙa wutar da kyamara a hannu, irin su Clark Gable, wanda ya shiga soja a 1942 bayan matarsa Carole Lombard ta rasu a hatsarin jirgi tana dawowa daga yawon tara wa gwamnati kuɗin yaƙi. Sau biyar ya bi jiragen jefa bam na B-17 zuwa hari daga sansanin Polebrook na Ingila, yana ɗaukar hotunan maharban jirgin. Akwai kuma waɗanda ba su shiga ba sam. John Wayne, wanda ya fi kowa fitowa a matsayin soja a majigi, an ɗage masa kira saboda nauyin iyali, daga baya kuma saboda aikinsa.

Stewart yana cikin kashi na huɗu, wanda bai da yawa: waɗanda aka damƙa wa ragamar mayaƙa na gaske, aka auna su da ma'aunin da ake auna kowane hafsa.

Sai a lura da abu biyu. A lokacin yaƙin Amurka ba ta da rundunar sojan sama mai cin gashin kanta, mayaƙan sama sashe ne na sojan ƙasa, sai a watan Satumba na 1947 aka raba su. Na biyu kuma shi ne tsarin jiragen. Mafi ƙanƙanta ita ce sikwadiron, mai jirage goma sha wani abu. Sikwadiron huɗu su ne rukuni ɗaya, kuma kowane rukuni da filin jirginsa. Rukunai kamar uku su ne reshe. Duk waɗannan suna ƙarƙashin Runduna ta Takwas, mai kai wa Jamus hari da rana daga gabashin Ingila, yayin da Birtaniya ke kai nata da dare.

Daga shagon ubansa zuwa bariki

An haifi Stewart ranar 20 ga Mayu, 1908, a wani ƙaramin gari mai suna Indiana a jihar Pennsylvania. Ubansa, Alexander, shagon kayan ƙarfe da na gini gare shi, kuma gidan soja ne tun kaka: uban ya yi yaƙin Amurka da Sifen da Yaƙin Duniya na Ɗaya, kakanninsa kuma sun yi yaƙin basasa. Ya karanta zanen gine-gine a jami'ar Princeton, ya gama a 1932, wasan daɓe ya ɗauke masa hankali, kamfanin finafinai na MGM ya ba shi kwantiragi a 1935. Kafin 1941 ya riga ya zama babban jarumi. A Fabrairun shekarar ya karɓi lambar Oscar saboda The Philadelphia Story, ya aika wa ubansa ita, uban ya ajiye ta a tagar shago.

Abin da ake yawan tsallakewa shi ne tuƙin jirgi. Tun 1935 yake da lasin tuƙi, ya ƙara da na kasuwanci a 1938, kuma ya tara awa kimanin 400 a sama da kuɗin aljihunsa.

A Satumba 1940 Amurka ta kafa dokar ɗaukar soja dole, karon farko da ta yi haka ba a cikin yaƙi ba. Ƙuri'a ta faɗa kan Stewart, amma likitocin soja suka mayar da shi gida. Dogo ne mai santimita 191, siriri kamar sillen kara, nauyinsa bai kai abin da ake nema ga mai tsayinsa ba. Da ya yi shiru da shi ke nan. Sai ya koma ya sake hawa sikeli, aka ɗauke shi ranar 22 ga Maris, 1941, a matsayin farabiti mai albashin dala 21 a wata. Wannan wata tara ke nan kafin Japan ta kai harin Pearl Harbor.

Shekarunsa sun kusa 33, ya wuce shekarun shiga makarantar matuƙa ta soja. Digirinsa da lasinsa ne suka cece shi, aka ba shi muƙamin laftanar a farkon Janairun 1942.

Dalilin da hukuma ta so ta riƙe shi a gida

Ta fuskar hukumar soja, Stewart ya fi amfani a raye kuma a gaban jama'a. A 1942 ya fito a wani gajeren fim na jawo matasa su shiga sojan sama, Winning Your Wings, wanda aka ce ya kawo dubban masu rajista. Ga kuma fargabar abin da zai biyo baya idan aka harbo shi, Jamus ta riƙe shi fursuna tana nuna wa duniya. Saboda haka sai aka yi ta yawo da shi a sansanonin horo: yana tuƙa ɗaliban jefa bam a New Mexico, yana koyar da tuƙin B-17 a Boise ta jihar Idaho.

Shi kuwa ya yi ta roƙon kwamandojinsa. A Agusta 1943 aka tura shi Sioux City, rukuni na 445, kuma cikin 'yan makonni ya zama kwamandan sikwadiron ta 703. A Nuwamba suka tashi zuwa Ingila ta hanyar kudu, ta Barazil da Dakar da Maroko, suka sauka a filin Tibenham na yankin Norfolk.

Yadda ake kai hari da B-24

Sai an san jirgin kafin a gane aikin. B-24 Liberator inji huɗu gare shi, mutum goma yake ɗauka: matuƙi da mataimakinsa, mai duba hanya, mai jefa bam, injiniya, mai rediyo, da maharba masu riƙe da bindigogi masu jigida a hanci da wutsiya da ciki da kwiɓi. An ƙera fiye da 18,000, babu jirgin yaƙin Amurka da aka yi da yawa kamarsa. Ya fi B-17 gudu da nisan zango da ɗaukar kaya, amma tuƙinsa da ƙarfin damtse ne, kuma ba ya jure rauni kamar ɗan uwan nasa. Mai yakan yi yoyo a cikinsa, har ma'aikata sukan ɗan buɗe ƙofar rumbun bam don warin fetur ya fita, domin tartsatsi ɗaya ya isa. Mai son wucewa daga gaba zuwa baya sai ya bi ta wani siririn ƙarfe a tsakiyar rumbun, faɗinsa bai fi taki ɗaya ba.

Ranar hari tun tsakar dare take farawa. A tashi mutane wajen ƙarfe biyu ko uku, su ci abinci, su taru a ɗakin bayani. A yaye labule, sai ga taswira da zare a miƙe daga Ingila zuwa inda za a je. Tsawon zaren kaɗai yakan gaya wa kowa irin ranar da za a yi. Jirage su tashi ɗaya bayan ɗaya, tsakaninsu daƙiƙa talatin, kowanne maƙare da mai da bam, su kutsa cikin gajimare ba sa ganin juna. Haɗa ayari a sama yakan ci awa guda ko fiye, ana zagaye wata tashar rediyo, ana neman wani tsohon jirgi da aka yi wa fenti mai ratsi-ratsi don kowa ya gane rukuninsa. Tun a nan ake fara asara, domin jirage sukan yi karo a cikin hazo ba a ko ga abokin gaba ba.

Jirgin ba a rufe yake ruf ba, iskar waje ita ce ta ciki. Da an wuce mita 3,000 kowa sai ya sa abin shaƙar oksijin. A mita 6,000 zuwa 7,000 sanyi yakan kai digiri 40 ƙasa da sifiri. Numfashin mutum yakan daskare ya toshe bututun iskar, ya sume cikin 'yan mintoci ba tare da ya sani ba, shi ya sa ake kiran kowa ta waya lokaci-lokaci a ji ya amsa. Wanda ya cire safar hannu ya taɓa bindiga, fatarsa ta manne da ƙarfe. Rigunan ɗumi masu aiki da lantarki kuma sukan mutu a tsakiyar tafiya.

Kariyar ayari ita ce matsuwa. Jirage sukan jeru hawa-hawa, fiffike kusa da fiffike, yadda bindigoginsu za su rufa wa juna baya. Jirgin da ya ratse ko ya yi baya shi mayaƙan Jamus suke fara ci, kamar yadda kura ke bin dabbar da ta bar garke. Wuri mafi muni shi ne mintocin ƙarshe kafin sakin bam. Daga wata alama da aka tsayar a taswira dole a miƙe sak, ba kauce ba hanya, ko da igwa mai bakin milimita 88 tana fasa harsasai ta ko'ina. Mai jefa bam na jirgin gaba ne kaɗai ke saiti, sauran da sun ga ya saki su saki. In madugu ya yi kuskure, ayari duka ya yi.

To wannan shi ne aikin Stewart. Ba harbo jiragen abokan gaba yake yi ba, madugu ne: ya riƙe tsayi da gudu, ya hana ayari warwatsewa, ya yanke shawara in yanayi ya ɓaci.

Hari ashirin

Harinsa na farko shi ne na 13 ga Disamba, 1943, kan tashar jiragen ƙarƙashin teku da ke Kiel. Wanda ya fito da sunansa a wurin manya shi ne na Ludwigshafen, 7 ga Janairu, 1944. A hanyar dawowa rukunin da ke gaba ya saki hanya. Stewart ya sanar da su ta rediyo, ba su saurare shi ba. Zaɓi biyu ke gabansa: ya bi hanyar da ya san ita ce daidai, ayari ya rabu biyu kowane ɓangare ya yi rauni, ko ya bi masu kuskure. Ya bi su. Jiragen Jamus suka far musu a sararin Faransa, rukunin gaba ya yi asarar jirage har da na madugunsu, amma da an rabu da ɓarnar ta fi haka. Bayan wannan aka ba shi manjo.

Ya sami lambar yabo ta matuƙa saboda jagorancinsa ranar 20 ga Fabrairu, ranar farko ta makon da aka ware don rusa masana'antun jiragen Jamus. Ranar 22 ga Maris ya ja reshensa zuwa Berlin. A ƙarshen watan aka mayar da shi rukuni na 453 a Old Buckenham a matsayin hafsan tsara hare-hare. Wannan aikin yawancinsa a ƙasa ne: a kwana ana lissafin mai da bam da jerin jirage, da asuba a tsaya gaban matasa a yi musu bayani, da yamma a hau hasumiya ana ƙirga masu dawowa. Duk da haka yakan sa kansa cikin wasu tafiye-tafiyen. Ya zama cikakken kanar ranar 29 ga Maris, 1945, wato daga farabiti zuwa kanar cikin shekara huɗu, abin da 'yan ƙalilan suka taɓa yi. A rubuce hari 20 aka ƙirga masa.

Masu raina adadin sukan ce ai talakan soja sai ya cika 25 kafin a sallame shi, daga baya ma aka mayar da shi 30, sannan 35. Haka ne. Amma kwamandoji ba a kan wannan ƙa'ida suke ba, karɓa-karɓa suke yi wajen jan ayari, kuma jirgin gaba shi abokan gaba suka fi hara. Lokacin ma da ya yi nasa yana cikin mafi tsanani. Wata biyu kafin harinsa na farko, ranar 14 ga Oktoba, 1943, an harbo jirage 60 cikin 291 da suka tafi Schweinfurt, kuma jiragen rakiya masu dogon zango, P-51, sai a ƙarshen shekarar suka fara isowa. Rukuninsa na 445 ya rasa jirage 13 cikin 25 a Gotha ranar 24 ga Fabrairu, 1944. A Satumba, bayan ya bar su, aka harbo musu 25 cikin 35 a kusa da Kassel cikin 'yan mintoci. Runduna ta Takwas gaba ɗaya ta rasa mutum sama da 26,000.

Akwai kuma na ƙasa, waɗanda labarin jarumta bai cika tunawa da su ba. Binciken da Amurka ta yi da kanta bayan yaƙi ya nuna cewa bam ɗaya ne kawai cikin biyar yake faɗawa cikin tazarar mita 300 daga inda aka nufa. A hunturun Turai kuwa sau da yawa ta cikin gajimare ake saki, da na'urar rada. Sauran bama-baman a kan gidaje da tituna da gonaki suka sauka. Har yau masana tarihi suna jayayya: wasu na ganin hare-haren ne suka karya sojan saman Jamus suka ƙone mata mai, suka buɗe hanyar shiga Faransa a Yuni 1944, wasu na ganin rayukan farar hular da suka salwanta sun fi abin da aka samu.

Maganar firgici

Ya dawo New York ranar 31 ga Agusta, 1945, a jirgin ruwan Queen Elizabeth, ya rame, furfura ta fara fito masa. Wani marubuci, Robert Matzen, ya fitar da littafi a 2016 yana cewa Stewart ya dawo da ciwon da yanzu ake kira PTSD, wato firgici da mugun mafarki da rashin barci da ke bin wanda ya ga tashin hankali. Hujjojinsa su ne shaidar waɗanda suka yi aiki da shi, hotunan kafin yaƙi da na bayansa, rashin cin abinci, da nauyin mutanen da ya tura ba su dawo ba. Masu wannan ra'ayi sukan ƙara da cewa salon wasansa ya sauya: saurayi mai fara'a ya koma mutum mai fushi da ɗimuwa a finafinan kaboyi na Anthony Mann da kuma finafinan Alfred Hitchcock, musamman Vertigo na 1958.

Masu ja da baya suna da nasu. Sunan PTSD bai shiga littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ba sai 1980, kuma abin da ake riƙe da shi game da Stewart shaidar baki ce, ba takardar likita ba. Mayar da shi ofis a Maris 1944 ana iya karanta shi a matsayin hutu ga wanda ya gaji, ana kuma iya karanta shi a matsayin ƙarin girma na yau da kullum, tunda daga nan muƙaminsa ya yi ta hawa. Fushi da kuka a wasansa ma ba sabo ba ne: a 1936 ya fito a matsayin mai kisan kai, a 1939 kuma ya yi jawabi har ya faɗi a zauren majalisa cikin Mr. Smith Goes to Washington. Game da kukan fim ɗin 1946, inda yake zaune a mashaya yana addu'a, shi da kansa ya bayyana daga baya cewa tunanin mutanen da ba su da inda za su juya ne ya sa masa hawaye.

Abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi shi ne shirunsa. Ya ƙi bari a yi tallan fim da tarihin yaƙinsa, kuma bai cika yin finafinan faɗan Yaƙin Duniya na Biyu irin na John Wayne ba. Audie Murphy, sojan da ya zama jarumi bayan yaƙi, shi akasin haka ya yi: ya fito a matsayin kansa a fim a 1955, ya kuma yi magana a fili kan rashin barci da mafarkan da ke damunsa, yana neman gwamnati ta kula da tsofaffin sojoji. A ƙasar Hausa ma an ga ire-iren biyun cikin 'yan mazan jiya da suka dawo daga Bama, mai ba da labari da wanda ba ya so a tayar da zancen. Ga iyalan soja, amfanin muhawarar shi ne ta nuna cewa muƙami da lambar yabo ba sa nuna halin da mutum yake kwana a ciki, kuma ba a gane ciwo daga hoto.

Kwantiragi da kuɗi

Yaƙin ya sauya masa sana'a ta wata hanyar da ba a cika faɗa ba. A da, kamfani yakan ɗaure jarumi da kwantiragin shekara bakwai, kuma duk lokacin da bai yi aiki ba sai a ƙara masa a ƙarshe. Da haka ta ɗore, da waɗanda suka tafi soja sun dawo sun tarar da bashin shekaru. A Disamba 1944 jaruma Olivia de Havilland ta kayar da kamfanin Warner Bros. a kotun Kalifoniya, aka yanke cewa shekara bakwai ta kalanda ce, ba ƙari. Stewart ya dawo ba igiyar kowa a wuyansa.

Farkon bai yi daɗi ba, domin It's a Wonderful Life bai mayar da kuɗinsa a sinima ba. Sai da haƙƙin mallakarsa ya faɗi a 1974, gidajen talabijin suka samu na banza, sannan ya yi suna. A 1950 wakilinsa Lew Wasserman ya ƙulla masa wata yarjejeniya da kamfanin Universal a kan fim ɗin kaboyi Winchester '73: ba albashi, sai kaso cikin riba. An ƙiyasta ya kwashi fiye da dala rabin miliyan. Daga nan manyan jarumai suka gane ƙarfinsu, tsarin albashin wata ya fara rushewa. Ƙananan 'yan wasa kuwa, waɗanda wannan albashin ne rufin asirinsu, suka koma neman aiki fim bayan fim.

To janar ɗin fa?

Janar ne, amma ba a lokacin yaƙi ba. Ya ci gaba da zama cikin sojan sama na ko-ta-kwana, waɗanda ke sana'arsu a gida suna zuwa horo lokaci-lokaci. A 1957 Shugaba Eisenhower ya miƙa sunansa don a ba shi birgediya janar, sai Sanata Margaret Chase Smith ta jihar Maine, wadda ita ma laftanar-kanar ce a wannan runduna, ta taka birki. Hujjarta ita ce kwanakin horon da ya yi tun bayan yaƙi ba su kai na wasu kanar-kanar da aka tsallake ba, kuma suna ne ke neman yi masa aiki. Magoya bayansa suka ce tarihinsa na fagen daga ya isa. Sai a Yuli 1959 Majalisar Dattawa ta amince.

Ranar 20 ga Fabrairu, 1966, ya bi wani jirgin B-52 daga tsibirin Guam zuwa hari a Biyetnam a matsayin mai sa ido, tafiyar awa goma sha biyu da wani abu. Ya yi ritaya ranar 31 ga Mayu, 1968, yana da shekara 60. Bayan shekara guda, ranar 8 ga Yuni, 1969, aka kashe Ronald, ɗan matarsa Gloria da ya riƙa tun yana yaro, yana laftanar a sojan kundumbala na ruwa a Biyetnam, da shekara 24.

Stewart ya rasu ranar 2 ga Yuli, 1997, a Beverly Hills, yana da shekara 89. Cikin 'yan lokutan da ya yarda ya yi maganar yaƙin a gaban kyamara akwai wani shirin tarihi na talabijin ɗin Birtaniya a farkon shekarun 1970, The World at War. A ƙarƙashin hotonsa ba a rubuta jarumi ko janar ba, an rubuta sunansa ne da muƙamin kwamandan sikwadiron.